Faɗuwar Gaba Bayan Ciwon Zuciya: A Karanta Kafin a Ruga Kemis

 

A gidajenmu na cikin gari, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Gwale, idan magani ya ƙare mu ake aika. Baba ko Kaka za su miƙo tsohon kwali su ce, "Ungo, je ka kemis a ba ka irin wannan." Wani lokaci ma babu kwalin, sai dai a ce, "Ka gaya musu gabana ne ke yawan faɗuwa, su haɗo mini wani abu." Mu kuma mu karɓi kuɗi mu ruga, don aiken iyaye ba abin wasa ba ne.

To amma akwai aiken da ya kamata mu tsaya mu yi tambaya a kansa. Idan mai aiken ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ƙwayar da za mu sayo tana iya taimakonsa, tana kuma iya zama ajalinsa. Shi ya sa a wannan fitowar muka zauna muka yi nazari kan magungunan da ake ba wanda bugun zuciyarsa ya rikice bayan jini ya gaza isa ga tsokar zuciyar.

YADDA ZUCIYA KE BUGAWA

Zuciyar kowa ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini, na ƙasa suna tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Idan babban mutum yana zaune yana hutawa, zuciyarsa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini wajen lita 5 kowane minti.

Wanda ya taɓa bi ta marinar Ƙofar Mata ya ji yadda mabuga ke bugun zane: wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, babu mai shiga gaban wani. Haka zuciya take. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli da ke sakin ƙaramar wutar lantarki, wutar ta bi ta wasu zaruruwa ta isa ɗakunan ƙasa, sai su matse tare a lokaci guda. Muddin tsarin nan yana tafiya daidai, mutum ba ya ma jin zuciyarsa.

IDAN HANYAR JINI TA TOSHE

Ita kanta zuciya tsoka ce, tana bukatar abinci da iskar oksijin. Wasu ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta ne ke kai mata. Hawan jini da ciwon suga da shan sigari da yawan kitse a jini suna sa kitse ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin nan a hankali, har hanya ta ƙuntata. Ranar da gudan jini ya zo ya toshe ragowar hanyar, sashen tsokar da ke gaba zai fara mutuwa. Wannan shi ne abin da mutane ke nufi idan sun ce zuciyar wane ta buga. Mai shi yakan ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci har zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi, ga numfashi sama-sama.

A da ana ganin wannan ciwon Turawa ne. Wani bita da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka buga a 2006, wanda Dakta Mahmoud Sani ya jagoranta, ya duba marasa lafiyar da aka kwantar cikin shekara biyar, ya samu masu wannan ciwo ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Adadin ba shi da yawa, amma ya isa ya nuna cewa ciwon yana nan cikinmu, kuma abubuwan da ke jawo shi, musamman hawan jini da suga, kowa ya san yadda suka cika unguwanninmu.

Tsokar da jini ya yanke mata ba ta isar da wuta daidai. A awannin farko takan riƙa sakin wutar da ba a sa ta ba. Bayan makonni, wurin da ya mutu yakan zama tabo, shi kuma tabo ba ya wuce da wuta, sai wutar ta riƙa kewaya shi tana dawowa. Daga nan ne rikicewar bugu ke tasowa, kuma iri-iri ce:

Akwai bugun da ke shigowa kafin lokacinsa. Mutum zai ji kamar zuciyar ta yi tsalle ko ta tsaya na ɗan lokaci. Shi ne galibi dattawanmu ke kira faɗuwar gaba.

Akwai rawar ɗakunan sama, inda bugu ke zuwa babu tsari, wani kusa wani nesa. Haɗarinta shi ne jini yakan kwanta a ɗakin ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Akwai gudun ɗakunan ƙasa, inda zuciya ke bugawa da sauri ƙwarai har ba ta samun damar cika da jini. Mafi muni shi ne karkarwar ɗakunan ƙasa: zuciya tana motsi amma ba ta tura komai. Mutum zai yanke jiki ya faɗi, idan ba a yi masa agaji ba cikin 'yan mintoci sai dai addu'a.

Akwai kuma saiɓin bugu, inda wutar ke makalewa a hanya, bugun ya ragu sosai, mutum ya riƙa jin jiri yana suma.

Duk waɗannan mai su zai iya cewa gabansa ne ke faɗuwa. Yatsa a jijiyar hannu ba ya iya raba su sarai. Sai an manna wa mutum wayoyin na'urar zana bugun zuciya, wadda ake kira ECG a asibiti, sannan likita zai san wanne ne. Maganin da ke gyara ɗaya kuwa yana iya ƙara lalata ɗaya.

DARASIN SHEKARAR 1989

Neman maganin daidaita bugu ya daɗe. A 1912 wani ɗan kasuwa ya gaya wa likita Karel Wenckebach, mutumin Holan, cewa duk sa'ad da bugun zuciyarsa ya rikice, idan ya sha kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya daidaita. Daga wannan ne a 1918 aka fara amfani da ɗan'uwan kwinin mai suna kwinidin. Bayansa aka yi ta ƙirƙiro wasu masu ƙarfi.

Zuwa shekarun 1980 likitoci sun lura da abu guda: waɗanda suka tsira daga toshewar jijiyar zuciya, idan suna yawan samun bugun da ke shigowa kafin lokaci, sun fi saurin mutuwar fuju'a. Sai aka yi hasashen cewa idan aka kashe wannan ƙarin bugun, za a ceci rai. Akwai kuwa magunguna biyu, enkenayid da filekenayid, da ke kashe shi sosai. Takardar ECG takan fito tsaf, likita ya ji daɗi, mara lafiya ya ji daɗi. Dubban mutane aka riƙa ba su a Amurka.

A 1987 aka fara wani babban gwaji mai suna CAST don a tabbatar. Aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya aka ba su magani na gaske, ɗaya gidan aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta. A watan Afrilu na 1989 dole aka tsayar da ba da magungunan nan biyu. Cikin mutum 730 da suka sha magani, 56 sun mutu. Cikin mutum 725 da suka sha ƙwayar da babu komai, 22 ne suka mutu. Wato maganin ya ninka mutuwa fiye da sau biyu. Garin neman gira an rasa ido.

Me ya jawo haka? Magungunan suna rage gudun wuta a cikin tsokar zuciya. A zuciya mai tabo, wannan raguwar tana ba wutar damar kewaya tabon ta zama gudu mai kisa. An kashe ƙaramar matsala an buɗe wa babba ƙofa. Har yau ana amfani da filekenayid ga wasu masu lafiyayyar tsokar zuciya, amma ba a ba wanda ya taɓa samun toshewar jijiya. Darasin da likitocin duniya suka ɗauka shi ne, jin sauƙin faɗuwar gaba daban, tsawon rai daban, kuma ba a sanin na biyun sai an yi gwaji an ƙirga.

MAGUNGUNAN DA AKE AMFANI DA SU YAU

Abu na farko da likita ke nema shi ne buɗe jijiyar da ta toshe. Akan ba da asfirin don hana gudan jini girma, da allurar narkar da gudan, ko a zura siririn bututu a buɗe hanyar a inda ake da kayan aikin. Da zarar jini ya dawo da wuri, tabon ba zai yi girma ba, rikicewar bugu ma takan ragu. Shi ya sa kowace awa tana da daraja.

Sai magungunan sanyaya bugu, waɗanda sunansu a jikin kwali yakan ƙare da "lol", kamar atenolol da bisoforolol da metoforolol. Aikinsu shi ne tare sinadarin adirenalin, wanda jiki ke saki idan mutum ya firgita ko ya fusata, don kada ya riƙa zaburar da zuciya. James Black, ɗan Sikotilan, shi ya ƙirƙiro furofaranolol a shekarun 1960, aka ba shi kyautar Nobel a 1988. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 1982 ya nuna maganin ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda suka tsira daga toshewar jijiya. Waɗannan ne ginshiƙi, musamman ga wanda ƙarfin zuciyarsa ya ragu. Amma suna iya tayar da asma, suna iya sa kasala da jiri, suna kuma iya ɓoye alamun faɗuwar suga ga mai ciwon suga. Babban kashedi: ba a barin su kwatsam. Wanda ya daina dare ɗaya, zuciyarsa tana iya zabura ciwon ya dawo.

Sai amiyodaron, wanda aka haɗa a Beljiyam a farkon shekarun 1960. Shi ne aka fi dogara da shi idan rikicewar mai haɗari ce kuma zuciyar tana da tabo. Gwaje-gwaje biyu da aka buga a 1997, ɗaya a Turai ɗaya a Kanada, sun nuna yana rage mutuwar da rikicewar bugu ke jawowa, amma jimillar masu mutuwa ba ta sauya sosai ba. Don haka ba kowa ake ba shi ba. Yana ɗauke da aidin mai yawa, yana iya taɓa ƙullin maƙogwaro da kumburinsa ake kira maƙoƙo, yana iya taɓa huhu da hanta da ido, yana sa fata ta kasa jure rana. Yakan zauna a jiki makonni, har watanni, bayan an daina sha. Mai shansa sai da gwajin jini lokaci-lokaci, kuma idan sabon tari ko ƙarancin numfashi ya same shi, a koma asibiti.

Sai lidoken, allurar nan da likitan haƙori ke yi don kashe zafi, wadda aka haɗa a Suwidin a 1943. Idan aka sa ta a jijiya tana kwantar da gudun ɗakunan ƙasa. A da duk wanda aka kawo da toshewar jijiya sai a yi masa ita don rigakafi, daga baya aka gano hakan ba ya ƙara yawan masu tsira, sai aka bar ta ga lokacin gaggawa kawai.

Sai digoksin, wanda asalinsa ganyen wata fure ce ta Turai da likita William Withering na Ingila ya yi rubutu a kanta a 1785. Yana rage gudun bugu ga masu rawar ɗakunan sama. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Alamun ya yi yawa su ne tashin zuciya da amai da rashin cin abinci da ganin abubuwa rawaya-rawaya.

Ga masu rawar ɗakunan sama akan ƙara da maganin hana jini daskarewa, kamar warfarin, don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Ga mai saiɓin bugu kuwa akan yi allurar atirofin a asibiti, idan abin ya ƙi a dasa masa ɗan batir a ƙirji mai kunna bugun. Ita kuwa karkarwar ɗakunan ƙasa babu ƙwayar da ke tsayar da ita. Sai danna ƙirji da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki.

ABUBUWAN DA KE CIKIN GIDAJENMU

Wutar zuciya tana tafiya ne da wasu gishirin jini, musamman fotasiyam da maganisiyam. Zafin bazarar Kano da zufa, gudawa da amai, da ƙwayoyin nan masu sa yawan fitsari da ake ba masu kumburin ƙafa, duk suna iya rage su. Idan fotasiyam ya yi ƙasa, digoksin ɗin da jiya yake magani yau zai iya zama guba. Saboda haka gudawar kwana biyu ga dattijo mai shan waɗannan magunguna dalili ne na zuwa asibiti.

Zazzaɓi ma haka. Mun ga yadda kwinin ke taɓa bugun zuciya. Kulorokwin da halofantirin su ma suna taɓa shi, haka wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Haɗa su da amiyodaron ba tare da sanin likita ba ganganci ne. Mai shan warfarin kuwa, ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna iya sa masa zubar jini a ciki. Ganyaye irin su zogale da alayyahu suna rage wa warfarin ƙarfi. Ba a hana cin su, amma a riƙa ci daidai wa daida, kada yau a cika kwano gobe a bari gaba ɗaya.

Sai jiƙe-jiƙe. Tumfafiyar nan da muke gani a kangwaye da bakin ganuwa tana ɗauke da sinadarai 'yan'uwan digoksin. Ba mai iya auna yawansu a cikin kwalbar jiƙo. Wanda ya sha irin wannan a kan digoksin ɗin asibiti ya ninka wa kansa magani bai sani ba. Duk abin da ake sha a gida, na Bature ne ko na gargajiya, a faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Sai watan azumi. Wasu dattawan sukan ajiye magani har sai bayan salla, wasu su haɗa na safe da na dare su sha lokaci guda da buɗe baki. Duka biyun kuskure ne. A je wurin likita tun watan Sha'aban ya tsara lokutan sha, ya kuma faɗa ko jikin zai iya ɗauka.

ME YA RAGE GARE MU?

Na ɗaya, idan aka aike mu sayen maganin zuciya, mu tafi da takardar likita ta kwanan nan, mu je kantin magani mai rajista. Mu duba suna da ƙarfin ƙwayar da ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Idan aka ce babu irinsa amma ga mai kama da shi, mu dawo da kuɗin. Kada mu sayi maganin zuciya a hannun mai talla ko a cikin haɗin da aka ƙulla a leda.

Na biyu, idan aiken na "haɗo mini wani abu" ne, mu durƙusa mu ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan sai an auna. Bari a gaya wa Yaya ya kai ku asibiti." Kuma kada a karɓi maganin maƙwabci don alamunsu sun zo ɗaya.

Na uku, mu da muke karatu mu rubuta wa iyayenmu sunayen magungunansu da lokutan sha a takarda guda, a ajiye kwafi a aljihunsu. Mu riƙa tuna musu tun saura kwana biyar magani ya ƙare, da kuma ranar komawa asibiti.

Na huɗu, mu koyi ƙirga bugu. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na minti ɗaya cif da agogo. Idan bugun ya yi ƙasa da 50 ko ya haura 120 alhali mutum yana zaune, ko ya zo babu tsari, musamman tare da jiri ko ciwon ƙirji ko suma, a nemi likita a ranar.

Na biyar, ciwon ƙirjin da ya wuce 'yan mintoci bai lafa ba, ba a jira gari ya waye. A tare Adaidaita Sahu a nufi sashen gaggawa. Asibitin Murtala yana nan kusa da Ƙofar Mata, Asibitin Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya. Idan kuwa mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, kada a tsaya yayyafa ruwa da fifita. A kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga neman mota da taimako. Muna roƙon malamanmu na kimiyya da na kiwon lafiya su shirya mana ranar da ma'aikacin jinya zai zo ya nuna mana wannan a aikace, don gani ya kori ji.

Manyan likitocin Amurka sun yi shekaru suna ba da magani da kyakkyawar niyya kafin ƙirga ya nuna musu kuskurensu. Idan su sai da gwaji suka gane, to mai kemis da bai ga takardar ECG ba, da mu da aka aika, ba mu da hurumin yin hasashe da zuciyar iyayenmu.

Mai tambaya ya rubuta ya saka a akwatin ƙungiyar 'yan jarida, za mu kai wa masana mu kawo amsa a fitowa ta gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu nisan kwana.